Barmo da Zabin Gwaggo Tabawa

Ni na gani! Da idanun nan nawa na gani, ba wani ya ba ni labari ba, ba kuma a rediyo na ji ba. In ƙarya nake gemun nan ya zube. Duk wanda ya ce muku ya fi ni sanin Barmo na Dutsen Kanya, ku turo mini shi nan mu zauna. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu, ita ma katangar ta zube ta gefe guda, ko tuwo suka ƙona ni nake fara ji. Ni Jatau ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba malam ya ce in je in taimaki babana a gona, amma abin da ya faru a gabana ba ya kuɓuce mini.

Mutum biyu ne a gidan. Akwai Gwaggo Tabawa, tsohuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, idonta ya yi yana, sai dai ta gane mutum da murya. Sai Barmo, ɗan ƙaninta marigayi. Ƙato ne, ya haura talatin, yana ɗaga buhun gero kamar matashin kai. Ba mahaukaci ba ne, kada ku je ku ce na ce. Yana sallarsa, yana gaida mutane, bai taɓa zagin kowa ba. Abu guda ne: yadda ka faɗi magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. In ka ce masa tsaya nan, to ka tuna ka dawo ka ce tafi.

Sana'ar Gwaggo kiwon zabi. Da ƙwansu take cefane, da su take biki da suna. To tana da ɗa guda, Sabi'u, mai shagon kayan babur a Kaduna, ya matsa lallai sai ta koma wurinsa. Ita kuwa ta taɓa zuwa. Aka sa ta a ɗakin bene, ta wuni tana sauraron fanka, ta dawo da kumburin ƙafa, ta ce ita da Kaduna sai dai a labari. Da damina ta kama Sabi'u ya zo, ina jin su ta wajen katanga.

Ya ce, "Inna, ido ya tafi. Wa zai duba miki zabin nan? Wannan?"

Ta ce, "Shi."

Ya ce, "To na ji. Daga nan zuwa kaka. In ya riƙe su lafiya, ba wanda ya kira ni a waya ya kawo ƙara, ki yi zamanki. In aka kira ni, mota zan kawo. Kuma ba na son kuka."

Ta ce, "Ba za ka ji ba."

Shi ke nan, Gwaggo ta zama baki, Barmo ya zama ido da hannu.

Wata rana ta aike shi ɗebo ƙwai. Kun san zabuwa ba ta yi a gida, sai ta tafi can cikin sarƙaƙiya ta yi gurbinta. Mutanenmu kuma sun ce in ka sa hannu a gurbin za ta ji warin mutum ta yi ƙaura. Sai Gwaggo ta miƙa masa ludayi ta ce, "Kada hannunka ya taɓa ƙwai. Da ludayi ake ɗauka. Ka bar mata uku a ciki." Gurbin yana bayan rafi, ranar kuma kasuwarmu ke ci. Can da hantsi sai ga Barmo ya ratso tsakiyar kasuwa, ludayi a gaba, ƙwai ɗaya tal a ciki, yana tafiya kamar mai ciwon baya, yana cewa, "Gafara, ƙwai! Gafara, ƙwai!" Ya kai gida, ya juya. Ya sake dawowa da ɗaya. Har azahar ana abu guda, masu tumatir sun gaji da janye tabarma.

Na tare shi na ce, "Kai Barmo, me ya hana ka tafi da ƙwarya ka zuba su gaba ɗaya?"

Ya ce, "Ba ta ce ƙwarya ba, Baba Jatau."

Mai shayi ya ji tausayinsa ya miƙa masa dafaffen ƙwai. Barmo ya tara ludayi ya karɓa, ya tsaya yana kallonsa, ba halin ɓarewa. Ya kawo mini. Na taimake shi na ɓare, na ga har yanzu da sauran matsala, na taimake shi na cinye. Ya yi mini godiya. Amma fa ko ɗaya bai fashe ba cikin na Gwaggo. Ta lalluba ta jera su ƙarƙashin wata kaza mai kwanci, don zabuwa ba ta iya reno ba, kaza ake ba aikin, ita kuma ba ta tambayar na wane ne.

Wata rana, bayan an ƙyanƙyashe, Gwaggo ta ce 'yan zabi ba abin da ke gina su kamar gara. Ta koya masa yadda ake kamawa: a sami tsohuwar tukunya, a cusa kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife ta a ƙasa. Kafin gobe gara ta hau ta cika. Ta ce, "Ka kife ta inda gara ta fi yawa." Wani da bayan gida zai zagaya ya kife abinsa. Barmo sai da ya bi garin nan kaf, yana ƙwanƙwasa dirkoki da ƙyamare yana kara kunne. Ya gama bincikensa, ya gano ba inda gara ta kai ƙarƙashin bencin majalisarmu, a ƙofar gidan Mai unguwa Gwadabe. Ya tura tukunyarsa can ciki, ya jiƙa wurin sosai.

Da la'asar muka zauna. Mai unguwa ya ja hanci, ya dubi Nomau mahauci.

Ya ce, "Sarkin Fawa, ka wanke ƙafa kuwa da ka taso daga kwata?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, yau ko akuya ban yanka ba. A dai tambayi Jatau, jiya na ga ana kai wake gidansa."

Na ce, "Wake na ci, ba saniya ba."

Muka tashi kowa na zargin kowa. Washegari muna zaune sai ga Barmo, ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce, "Ku ɗan ɗaga ƙafa." Ya jawo tukunya, gara maƙil, har tana zuba. Ya mayar da wata sabuwa. Muka yi dariya muka ƙyale shi, don an wanke ni. Abin da ba mu lura ba, kullum yana jiƙa wurin, garar unguwa duk ta ji labari ta taru. Ana nan rannan Mai unguwa na tsakiyar yi wa wasu sulhu kan iyakar gona, ya ɗaga yatsa zai yanke hukunci, ƙafar benci ta ce ɓaras. Ni da na iya faɗuwa a kan Nomau na sauka. Mai unguwa kuwa ƙafa sama, rawani a kwata. Yana tashi ya laluba aljihu ya ciro waya. Kafin ya nemo lambar Sabi'u, Gwaggo ta iso da sandarta da ƙwarya cike da ƙwan zabi.

Ta ce, "Gwadabe, ni na goya ka ranar da uwarka ta tafi awo. Mayar da abin nan aljihu."

Ya mayar. Amma ya ce saura ƙiris.

Wata rana aka tashi da hadari, rana ta ƙi fitowa. Raɓa kuwa ita ce ajalin ɗan zabo, in ya jiƙe sanyi ya kama shi, ya tafi. Gwaggo ta ce, "Kada ka buɗe akurki sai ciyawa ta bushe." 'Yan zabi na ta kuka, yunwa. Barmo ya duba sama, ya duba ƙasa, ya shiga ɗaki ya ɗauko zane. Iya Ladingo, ƙawar Gwaggo tun suna 'yan mata, ta zo wucewa ta same shi a durƙushe bayan gida yana goge ciyawa ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Na shiga uku! Ba atamfar da Sabi'u ya aiko da Sallah ba ce wannan?"

Ya ce, "Ita ta fi shan ruwa, Iya. Na gwada buhu, ba ya yi."

Ya kusa kai bakin masara aka tsuge da ruwa. Ya fake, aka ɗauke, ya matse atamfa ya koma farko.

Wata rana shirwa ta sauko ta sure 'yan zabi biyu a gaban kazar. Gwaggo ta aika aka sayo jar galura, irin wadda masu saƙar faifai ke rina kaba da ita. Dabara ce ta tsofaffi: in ka rina ɗan tsako ja, shirwa daga sama ba ta gane abinci ba ne, sai ta yi ta shawagi ta wuce. Gwaggo ta dama a roba ta ce, "Duk abin da shirwa za ta iya ɗauka, ka tsoma shi." Ya tsoma 'yan zabi tsaf, ya shanya su a rana, suka fito kamar barkono mai ƙafa. Galura ta ragu da yawa. Sai ya leƙo ta katanga.

Ya ce, "Baba Jatau, me da me shirwa ke iya ɗauka?"

To ni mutum ne da ya ga duniya, in aka tambaye ni ilimi ba na rowa. Na ce, "Yaro, ni da idona na ga shirwa ta sure tsoka daga faifan mahauci. Na ga ta cire wa mutum hula a ka. A Zamfara na ga wadda ta ɗauki ɗan akuya, uwar na bin ta a ƙasa."

Ya ce, "To."

Ranar Juma'a ce, maza duk mun tafi masallaci a garin gaba, shi ya riga ya ce zai tsaya gadi. Ya ɗauki robarsa ya shiga unguwa. Duk ɗan tsakon da ya gani, na kowa ne, ya tsoma. Ya tsoma 'yan kyanwar Iya Ladingo. Ya tsoma 'yan awaki biyu, iya inda roba ta ɗauka, wato kai da wuya. Ya biya rumfar Nomau ya sami naman da aka shanya za a yi kilishi, ya bi shi shafi-shafi. A ƙofar Mai unguwa ya tarar da farar hula a kan kwalba an wanke ana jiran ta bushe, da farin rawani a igiya. Ya ɗaga rawanin ya auna nauyinsa a hannu, ya ga shirwa mai ƙarfi za ta iya.

Muka dawo muka tarar da gari ya kama da wuta. Mata sun fito ana ta cacar baki, don da kowace ta san 'yan tsakinta, wannan fari, wannan wake-wake, yanzu duk ja, su kansu kajin sun rikice, kowace na tsattsagar na kowa. Nomau ya riƙe kai yana cewa wa zai sayi kilishin da ke rina haƙori. Mai unguwa ya nufi igiya. Ya ɗaga rawaninsa ya duba gaba ya duba baya, ya ciro waya. Wannan karon Gwaggo ba ta fito ba. Shirwa dai, gaskiya, ba ta ƙara sauka unguwarmu ba a daminar nan, amma ba wanda ya tsaya yaba wannan.

Wata rana da safe, bayan kwana biyu, sai ga akori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Sabi'u ya fito fuska ba annuri. Gwaggo na zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, wadda mijinta ya dasa shekarar da aka kawo ta. Ta ji ƙarar mota, ta gyara ɗaurin kallabi.

Ya ce, "Inna, mun yi magana."

Ta ce, "Mun yi."

Ba ta yi kuka ba. Ta dai sa hannu tana shafa ƙasar wurin.

Sabi'u zai tafi ba Mai unguwa da Nomau haƙuri, sai ya kira Barmo. Ku tuna ɗan mace ne da ɗan namiji, taubasai ne, da wasa suka saba, amma ranar ba wasa a muryarsa. Ya ce, "Kai, yau dai ka yi abu ɗaya daidai a rayuwarka. Duk abin da Inna ba za ta iya zama babu shi ba, ka loda a mota. Kada ka bar ko ɗaya. Kafin in dawo ka gama."

Shi a ransa akwati ne da buta da bargo.

Barmo ya ce, "To, Yaya."

Ba da haƙuri ya ɗauki lokaci, don Nomau sai da ya kawo kilishin ya nuna shafi-shafi. Da Sabi'u ya shawo kwana zai dawo, tun daga nesa ya ji direba na ihu. Mota ta zauna a kan tayoyinta. Zabi na cikin kwanduna suna tsaga kunne, kaza da jajayen 'ya'yanta a cikin akurki, akurkin ma ɗungurungum ya cicciɓo shi. Ga dutsen niƙa. Ga randa da ruwanta a ciki, don Gwaggo ba ta shan na firji. Ga duwatsun murhu da tokarsu, ga ƙyauren ɗaki, wai da ƙararsa take sanin an shigo. Ya tuge yakuwa da lalo na bayan ɗaki da saiwarsu. A kan turmi kuma, can ƙurya, Iya Ladingo ce zaune da carbinta, ta riƙe ƙarfen mota gam. Kusa da ita ga ni, ni Jatau, ya ɗauko ni cak kamar jariri ya ɗora a kan buhun gero.

Sabi'u ya ce, "Iya, me kike yi a nan?"

Ta ce, "Ni ma tambayar da nake yi ke nan. Ina tsakiyar tankaɗe ya ce in taso. Na ce ina? Ya ce Kaduna. Na ce to bari in ɗauko mayafi."

Direba ya ce, "Alhaji, ya je ya kira mai kiran sallah ma. Wancan ya ce sai ya yi azahar tukuna."

Sabi'u ya faɗa gida. Muka sauko muka bi shi, ni dama ba a barina a baya. Muka sami Barmo ya tuɓe riga, gumi na zuba, yana haƙa gindin darbejiya da diga. Ya riga ya yi rami har gwiwa. Gwaggo na gefe a rana, a kan 'yar kujerarta.

Sabi'u ya ce, "Kai! Me kake yi?"

Barmo ya ce, "Inuwar ce ta gagare ni, Yaya. Nan take wuni. Na rasa ta inda zan kama ta, sai na ce bari in tafi da bishiyar gaba ɗaya."

"Ladan fa? Shi kuma me ya yi maka?"

"Ba ta ganin rana. Da muryarsa take sanin lokaci. Ta ce na Kaduna da yawa suke yi lokaci guda, ba ta gane na bi."

"Iya Ladingo?"

"In ba ta zo ba Gwaggo ba ta cin tuwo, sai ta ce ba gishiri." Ya share gumi ya jingina da diga. "Saura rijiya, da Bafulatanar da ke kawo nono, ita sai jibi take zuwa. Da matan da ke leƙowa gaisuwa in sun taso daga rafi, ban san ko duka za a ɗauka ba ko a zaɓa. Motar nan ta yi kaɗan, Yaya. Sai an yi sawu da yawa."

Sabi'u ya juya ya dubi uwarsa.

Ta ce, "Kada ka dube ni. Ni ban ce masa komai ba. Kai ka aike shi."

Ya dubi ramin, ya dubi ɗakin da ba ƙyaure, ya leƙa waje inda zabi ke ta ihu a mota. Can ya ce wa Barmo, a hankali, "Kai fa? Ina ka bar wa kanka wuri?"

Barmo ya sosa ƙeya ya ce, "Ban sani ba ko ina ciki."

Gwaggo ta ce, "Shi ne na farko."

Sabi'u ya cire hula ya goge fuska da ita, ya daɗe yana gogewa, wai ƙura. Sannan ya karɓi digar daga hannun Barmo ya jingine, ya ce, "Mayar da ƙasar nan. In ka gama ka sauke kayan Inna, kowanne ka kai shi inda ka ɗauko shi. Kayan Inna kawai na ce, kada ka taɓa direba."

Kafin la'asar komai ya koma wurinsa. Iya Ladingo ma a gaban rariyarta ya dire ta, ta ɗan yi fushi, don ta riga ta sa rai da ganin Kaduna. Mota ta koma da Sabi'u da ƙwaryar ƙwan zabi a cinyarsa. Gwaggo Tabawa tana nan a gindin darbejiyarta har yau, ku je ku yi sallama, za ta gane ku da murya.

Duk abin nan haka aka yi, ku tambayi Nomau. Wuri ɗaya ne kawai na ɗan sa gishiri. Maganar cewa Barmo ya ɗauko ni ya ɗora a mota, wannan ni na ƙara. Da ƙafata na hau. Da ya gan ni a kan buhu ya shiga ya tambayi Gwaggo ko ina cikin lissafi, ina ji ta ce, "Wannan a bar shi, ko a Kaduna za a sami irinsa."